Neman Shawara: Toshewar Hanci a Hunturu da Sirace da Man Turare

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun da hunturu ya kankama a nan Kano nake fama da toshewar hanci da nauyi a goshi da ƙarƙashin idanu, musamman idan na sunkuya zan yi sujada. Wata maƙwabciyata ta ba ni man ganyen bishiyar turare, wato yukaliftus, ta ce in riƙa sirace da shi. Shin yana da amfani, kuma zan iya yi wa ɗana mai shekara ɗaya da rabi, tunda shi ma mura ta kama shi?

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ƙara sauƙi. Ke babba kina iya ɗiga ɗigo 2 ko 3 a kwanon ruwan zafi, ki rufe idanunki, ki shaƙi tururin na kimanin minti 10. Sai dai ki sani cewa sanyin da ake ji daga wannan mai, ko daga man na'a-na'a, yana sa mutum ya ji kamar hanci ya buɗe, alhali kumburin da ke cikin kogunan ƙashin fuska bai tafi ba. Shi kuwa yaron, ina roƙonki kada ki kusantar da wannan mai ga fuskarsa, domin yana iya jawo wa ƙananan yara wahalar numfashi, kuma idan ya haɗiyi ko kaɗan ne yana iya sa shi jijjiga. Ki ɓoye kwalbar inda hannunsa ba zai kai ba. Ɗigon ruwan gishiri na yara, wanda ake samu a kemis, shi ya dace da shi.

Wani dattijo: 'Yata, ki kula da ruwan zafin kansa, domin yara da yawa sun ƙone a wurin sirace. Kada kuma ki ɗiga man a cikin hanci, kuma idan kina da asma ki haƙura da shi gaba ɗaya.

Wani mai harhaɗa magunguna: Hajiya, abin da na fi amincewa da shi shi ne wanke hanci da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya na ruwan da aka tafasa ya huce, safe da yamma, tare da sanya takunkumi ranar da hazo ya yi yawa. Idan matsalar ta wuce kwana 10, ko zazzaɓi mai zafi ya zo, ko gefen ido ya kumbura, to ki ajiye sirace ki je asibiti a duba ki.