"Komai nisan dare gari zai waye": a bakin wa ta dace?

Ƙaramin Manaja: Assalamu alaikum. Wata na biyu ke nan albashinmu yana zuwa a makare, ciniki ya ja baya, an dakatar da ɗaukar ma'aikata. Jiya maigida ya tara mu. Ya kife wayarsa a kan tebur, ya yi murmushi, ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, komai nisan dare gari zai waye. Iyakar jawabin ke nan. Akawunmu kuwa, tun da aka zauna har aka tashi, takalminsa yake kallo. Muna fitowa wani direba ya ce ƙasa-ƙasa, "Zai waye mana, amma da su wa?" Ni ne tsakanin maigida da yara, ni za su tsare da tambaya. Shin ya sa karin maganar nan a muhallinta?

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. Maganar lallashi ce, 'yar'uwar "bayan wuya sai daɗi". Amma ka lura da wanda ya saba faɗinta: wanda ba shi da iko a kan daren. Mai jinya ga majinyaci, aboki ga wanda ya yi asara. Maigidanku kuwa fitila tana hannunsa. Mai riƙe da fitila ya ce ka jira asuba, ai dole ka yi masa wani kallo.

Hajiya Mai Kamfani: Malam, a nan kam ban bi ka ba. Ku da ba ku taɓa kwana kuna lissafin albashin mutane ba, sauƙin magana gare ku. Babba juji ne. In na shigo ofis fuska a murtuke, kafin azahar labari ya kai ga masu kawo mana kaya, gobe su ce ba bashi, sai kuɗi hannu. Wanda ya fi ƙwarewa a cikin yarana shi zai fara neman wani wurin, don shi ake rububi. Murmushin nan da kuke rainawa aiki ne, kuma mai nauyi. Magana zarar bunu ce, ɗana, kada ka ga laifin maigidanka don ya tauna kafin ya furta.

Tsohon Akawu: Hajiya, Allah ya ƙara arziki, amma labarin zuciya a tambayi fuska, kuma yaran nan fuskar akawu suka tambaya, ba ta maigida ba. Na yi shekaru a kujerar nan, na san kallon takalmin. Sannan karin maganar tana da wata fuska da ba a taɓo ba: in gari ya waye, abin da aka ɓoye da dare kowa zai gan shi. A watan Satumba na 2001 shugaban Enron, wani babban kamfanin makamashi na Amurka, Kenneth Lay, ya gaya wa ma'aikatansa cewa hannun jarin kamfanin ya yi araha, garaɓasa ce. Ranar 2 ga Disamba kamfanin ya durƙushe. Dubbai suka rasa aiki, da yawa har da kuɗin fanshon da suka zuba a hannun jarin. Gari ya waye musu, ba shakka.

Hajiya Mai Kamfani: Haba Alhaji, wannan ai ƙarya ce tsagwaronta, ni ban ce a yi ƙarya ba. Ga naka: a Fabrairun 2011 shugaban Nokia, Stephen Elop, ya rubuta wa ma'aikata cewa kamfaninsu kamar mutum ne a kan dandamalin haƙar mai da ya kama da wuta. Takardar ta fita duniya, 'yan jarida suka yi ta yayatawa. Shekara uku bayan nan sashen wayoyin ya koma hannun Microsoft. Gaskiya ya faɗa, to me ta gyara? Wani lokacin ihun "gobara" ya fi gobarar kashe mutane.

Ɗan Koyo: Ni dai a wurinmu shirun ne ya fi ci mana rai. Sati uku ba wanda ya ce uffan, sai rufe ƙofa da taron manya. Kowa ya zama mai sharhi, wannan ya ce za a rufe, wancan ya ce an sayar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tsohon Akawu: Yauwa, ɗan nan ya taɓo wurin. Hajiya, tsakanin Lay da Elop akwai fili mai faɗi. Ranar 12 ga Maris 1933 shugaban Amurka Roosevelt ya yi magana ta rediyo, bankunan ƙasar suna rufe kusan mako guda saboda jama'a sun yi ca suna kwashe kuɗinsu. Bai tsaya ga "ku yi haƙuri" ba. Ya zauna ya bayyana musu yadda banki yake aiki, cewa kuɗin ajiya ba a jibge yake a ɗaki ba, ana juya shi ne, ana ba da rance, shi ya sa ko lafiyayyen banki ba zai iya biyan kowa rana ɗaya ba. Ya faɗi waɗanda za a fara buɗewa washegari, da waɗanda za su biyo baya, da dalilin jinkirin. Da aka buɗe, mutane layi suka yi suna mayar da kuɗi. Shi ma "gari zai waye" ya ce, sai dai ya nuna musu agogo. Haka Brian Chesky, shugaban Airbnb, kamfanin da ke haɗa matafiya da masu ba da hayar masauki ta intanet, a Mayun 2020, lokacin korona: ya rubuta cewa kuɗin shigar shekarar ba zai kai rabin na 2019 ba, za a sallami kusan mutum 1,900 cikin 7,500, ga yadda aka zaɓa, ga haƙƙin kowa. Ɗaci gare ta, amma wanda ya rage ya san inda ya tsaya, ya koma bakin aikinsa.

Malamin Hausa: Wannan ta sa na sake duba lafazin. Ba a ce "dare gajere ne" ba. An ce "komai nisan dare". Rabin farko amincewa ce cewa daren yana da nisa. Masu son lallashi sukan haɗiye wannan rabin su yi tsalle zuwa wayewar gari. Wanda ya faɗe ta cikakkiya, sai ya fara faɗin nisan.

Hajiya Mai Kamfani: To, na sassauto, amma ba duka ba. A faɗi nisan, na yarda. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sai dai ba kowace rana ce ranar wanka ba, kuma ba kowane lissafi ake baje wa a gaban taro ba. Sunan bankin da ke bin mu, ko abokin cinikin da ke shirin guduwa, wannan nawa ne. Abin da ya shafi aljihun yaro, yaushe za a biya shi, ko aikinsa na nan, wannan nasa ne, ba ni da ikon riƙe masa. Kuma kada shugaba ya yi alkawarin rana in bai tabbata ba. Sau ɗaya na ce "ƙarshen wata" ya wuce, sai da na yi shekara ina biyan bashin wannan kalmar.

Ƙaramin Manaja: Na gode ƙwarai, iyayena. To ni yanzu me zan ce wa direban gobe? Ni ma ban san nisan ba.

Tsohon Akawu: Ka ce masa ba ka sani ba, amma za ka tambayo, ka kuma sa masa ranar da za ka dawo da amsa. Sannan ka shiga wurin maigida kai kaɗai, ba a gaban mutane ba, da tambaya uku a takarda: wata nawa kuɗin da ke hannu zai kai mu, me aka yanke shawarar ragewa, kuma shi me ya rage daga nasa. Ta ukun ka yi ta da ladabi.

Hajiya Mai Kamfani: Ta ukun ka bari sai ya sha ruwa tukuna.