Me ya sa taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa ba ta bin ainihin shimfiɗar gari?

Aminu:
Assalamu alaikum. Idan aka ajiye taswirar jiragen ƙarƙashin ƙasa ta Landan kusa da taswirar titunan birnin, za a ga ba su dace da juna ba: layukan duk a miƙe suke, tazarar da ke tsakanin tashoshi kusan ɗaya ce, kuma tsakiyar gari ta ci fili fiye da rabonta. Shin da gangan ake zana ta haka, kuma ba ta ɓatar da baƙo?

Malama Rabi:
Wa alaikumus salam, Malam Aminu. Da gangan ne. Harry Beck, wani mai zanen aikin injiniya a kamfanin jirgin, shi ya tsara ta a 1931, aka fara ƙin karɓarta, daga baya aka buga ta a 1933. Hujjarsa ita ce wanda ke cikin rami ba ya ganin titi, don haka abin da ya dame shi bai wuce layin da zai hau, da jerin tashoshi, da inda zai sauya jirgi ba. Sai ya bar wa layuka kwanciya uku kawai, wato a tsaye, a kwance, ko a karkace da digiri 45, ya buɗa tsakiyar gari inda tashoshi suka cunkushe, ya matse na bayan gari. Daga abubuwan da ke saman ƙasa, kogin Thames kaɗai ya bari, kuma da aka cire kogin a 2009 mutane suka yi ta ƙorafi har aka mayar da shi.

Malam Bala:
Bayanin Malama daidai ne, amma rabi na biyu na tambayar yana nan, domin tana ɓatarwa. Tsakanin tashar Leicester Square da ta Covent Garden a Landan bai kai mita 300 ba, amma baƙon da ya dogara da taswirar yakan sauka rami ya jira jirgi saboda tafiyar da ƙafa ta fi saurin yi. A New York ma an gwada wannan salo a 1972 da zanen Massimo Vignelli, wanda ya mayar da lambun Central Park kusan murabba'i alhali dogo ne, ya kuma ba ruwa launin ƙasa-ƙasa. Masu zane sun yaba, fasinjoji da yawa ba su gamsu ba, aka maye gurbinsa a 1979 da taswirar da ta fi kusa da siffar gari. A ganina laifin bai rataya kan zanen kaɗai ba, domin a birnin layi ɗaya yana ɗauke da jiragen da ke tsayawa ko'ina da masu tsallake tashoshi, kuma mazauna da lambar titi suke lissafin hanya.

Malama Rabi:
Haka ne, shi ya sa ya kamata a riƙe taswira biyu, ɗaya don cikin rami, ɗaya don bayan an fito. Wajen karantawa kuwa, Malam Aminu, ka fara neman tashar ƙarshe ta layinka, domin sau da yawa da sunanta ake nuna inda jirgi ya nufa, kuma kada ka dogara da launi kawai. A Tokyo kowace tasha tana da harafi da lamba, kamar G na layin Ginza, ta yadda wanda bai iya karatun Japananci ba zai iya ƙirga tashoshin da suka rage masa.