Zaman ƙara wa juna sani na malamanmu ya koma taron sanarwa

Mataimakiyar shugaban makaranta:
Assalamu alaikum. An ɗora mini nauyin jagorantar zaman da malamanmu na lissafi suke yi sau ɗaya a mako domin su ƙaru da juna, kuma ga shi mun shiga zango na biyu ban ga abin da ya sauya a cikin aji ba. Mu takwas ne. Da zarar an zauna, sai maganar jadawalin jarrabawa da ƙorafin ƙarancin kayan aiki su cinye lokacin, mutum biyu su yi ta magana, sauran kuwa suna makin takardun ɗalibai. Makon jiya na roƙi wani malami ya kawo littattafan ɗalibansa mu duba tare, sai ya tambaye ni ko abin zai shiga rahotonsa na ƙarshen shekara. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa riƙe irin wannan zama.

Tsohon shugaban sashe:
Wa alaikumus salam, Malama. Tambayar da malamin nan ya yi miki ita ce tushen matsalar, domin babu wanda zai buɗe rauninsa a gaban mai rubuta masa rahoto. Ki faɗa musu a fili cewa abin da aka tattauna a zaman ba ya shiga fayil ɗin kowa, sannan ki fara da kanki: ki kawo takardun ajin da kike koyarwa, musamman waɗanda ba su yi kyau ba. Ni da na yi haka, na ajiye takardu talatin a kan tebur, kusan rabin yaran sun haɗa rabi da sulusi sun rubuta biyu bisa biyar, wato sun tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Ranar ce malamin da bai taɓa cewa uffan ba ya tashi ya zana mana yadda yake naɗe takarda kashi shida domin yaro ya ga amsar da idonsa.

Sanarwa kuma a aika ta a rubuce. Richard DuFour, wanda ya shugabanci wata makarantar sakandare a jihar Ilinois ta Amurka kuma ya yaɗa wannan tsari na zaman ƙara wa juna sani tsakanin malamai, ya taƙaita aikin zaman a tambayoyi huɗu: me muke so ɗalibai su koya, ta yaya za mu san sun koya, me za mu yi idan ba su koya ba, kuma me za mu yi wa waɗanda suka riga suka iya. Duk maganar da ba ta amsa ɗaya daga cikinsu ba, a ɗage ta zuwa taron ma'aikata.

Malamar firamare:
Na yarda da Malam, sai dai ina ganin takarda kaɗai ba ta nuna yadda kuskuren ya samo asali. A Japan malamai sun daɗe suna shirya darasi ɗaya tare, ɗayansu ya koyar, sauran su tsaya a gefe suna lura da abin da yara suke yi da abin da suke faɗa, daga baya a zauna a gyara darasin. Da yake kowa ya sa hannu a shirin, idan darasi ya gaza ba a ɗora laifin a kan wanda ya tsaya a gaban allo.

Malamin kimiyya:
Ku yi mini afuwa, amma ba a taɓo maganar lokaci ba. Idan an sa zaman bayan tashi daga makaranta, malami ya gaji kuma makin takardu yana jiransa, dole ya ɗauke shi a matsayin ƙarin wahala. A nema masa gurbi a cikin jadawalin mako, kuma a riƙa karɓa-karɓa wajen jagoranci, tunda muddin Malama ce a kan kujera kullum, ido zai ci gaba da kallonta a matsayin hukuma.

Mataimakiyar shugaban makaranta:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan kawo takardun ajina a zama mai zuwa, kuma na riga na nemi ganin mai tsara jadawali gobe da safe.