Dhee ta Rowdy Baby: baiwa ce ta kai ta ko alfarmar gida?

Ƴar Samaru:
Assalamu alaikum masoya finafinan Indiya. Dan Allah tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar finafinan Tamil. Jiya a shagon ɗinkinmu gardama ta kaure kan yarinyar nan Dhee, wadda muryarta ce a waƙar Rowdy Baby, jarumar fim ɗin Sai Pallavi rawa ta yi da motsa baki kawai. Wata kwastoma ta ce ai ba wani abin a zo a gani ba ne, mijin mamanta babban mai kiɗa ne shi ya sa ta samu shiga tun tana ƙarama, ni kuma maganar ta tsaya min a rai don wlh muryar nan daban take da siririyar muryar da muka saba ji a bakin matan fim ɗin Indiya, tana da kauri da ɗan dishi-dishi, ko cikin ƙarar keken ɗinki ka ji ta sai ka gane ta. To ya aka yi ta fara, kuma da gaske ne a can sai kana da wani a sama?

Bazazzagi:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwastomanki bata yi ƙarya ba a rabin maganan. Sunanta na gaskiya Dheekshitha, an haife ta 1998, a Sidni ta ƙasar Ostireliya ta tashi, mamanta mawaƙiyar gargajiya ce irin waƙan kudancin Indiya da suke kira Karnatik, kuma mijin maman shi ne Santhosh Narayanan, wanda ya yi kiɗan finafinan Kabali da Kaala na Rajinikanth, kin ga agolan shi ce kenan. Shi ya fara sa muryarta a fim a 2013 tana ƴar makaranta, kuma waƙoƙinta na farko-farko a hannun shi suka fito. Amma ki lura da abu ɗaya, Rowdy Baby ba kiɗan shi ba ne, na Yuvan Shankar Raja ne, ɗan Ilaiyaraaja, a fim ɗin Maari 2 na 2018, ita da Dhanush suka rera, kuma a 2020 ta haye kallo biliyan 1 a YouTube. Bayan nan G. V. Prakash ma ya kira ta a Soorarai Pottru na Suriya. Mai kiɗa ba zai ɗauko ƴar gidan wani ya damƙa mata babban waƙan fim ɗin shi don kunya ba, kuɗi ne na fitan hankali a ciki, in muryan bata zauna ba shi za a zaga.

Mai Situdiyo Sabon Gari:
Ni ta ɓangaren aiki zan sa baki tunda abincina kenan. Ƴar uwa, a Chennai, cibiyar finafinan Tamil, mai haɗa kiɗa shi ne ƙofa, ya fi darakta iko kan wa zai rera, shi ya sa kike ganin kowane mawaƙi da wanda ya ɗago shi. Kuma yawancin yaran kafin a ji sunansu sun daɗe suna abin da mu nan muke cewa ɗora murya ta gwaji, wato a sa ka ka rera waƙar don darakta ya ji yadda za ta kasance, wani lokacin ma har a ɗauki rawa da ita, ranar ƙarshe a kira wanda ya yi suna ya shigo ya sa hedfon ya maimaita, taka a goge. Wallahi na ga irin haka da idona a nan, yarinya ta wuni a ɗakin ɗaukar murya ba fanka saboda kar iska ta shiga makirfo, zufa na zuba, waƙa ta fito kasuwa da muryar wata. Wasu kuma ta gasar talabijin suke bi, akwai Super Singer ta Vijay TV da ake yi tun 2006.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne horon. Ki duba Sid Sriram, haihuwar Chennai 1990, a Kalifoniya ya girma, uwarsa malamar waƙa ce tun yana ɗan mitsitsi take koya masa, ya je ya yi karatun kiɗa a kwalejin Berklee ta Amurka, sannan A. R. Rahman ya ba shi waƙar farko a fim ɗin Kadal 2013. Wanda ya shekara ashirin yana gyara numfashi da hawa da saukar murya, in an buɗe masa ƙofa ba ya jin kunya. Dhee ma a gidan da ake wannan ta tashi.

Anti Tudun Wada:
Malam na yarda da batun horo, amma kada mu rufe ido, shi kansa tasowa a irin wannan gidan ai gata ne da ba kowa ke da shi ba. Ina son muryar yarinyar nan har raina, amma abin da ya faru a waƙar Enjoy Enjaami ta 2021 bai min daɗi ba. Mawaƙi Arivu ne ya rubuta baitocin kuma ya rera tare da ita, labarin kakarsa ne da ta yi ƙwadago a gonakin shayi na Siri Lanka, mutanen da suka yi wa ƙasa wahala ba su mallaki ko taku ɗaya ba, amma da mujallar Rolling Stone ta Indiya ta zo buga bango sai aka ga hoton Dhee ba nasa, har darakta Pa. Ranjith ya fito ya yi magana a kai. Ba ita ta zaɓi hoton bango ba, na sani, amma ya nuna wa ake saurin gani da wa ake mantawa.

Ƴar Samaru:
Na gode sosai, Allah ya saka. Anti wannan na Arivu ya taɓa ni gaskiya. Malam mai situdiyo dan Allah, su masu ɗora muryar gwajin nan ana biyansu kuwa, ko sai dai a ce musu an gode? Ƙanwata ce ke son harkar, muryarta ba laifi, kuma Baba ya ce sai ya san yadda abin yake kafin ya bari ta taka ƙofar situdiyo.