YZ250 na cin fulogi, yana tari a ƙasan totur: wane jet zan fara taɓawa?

Mai_YZ:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana inji. Babur ɗin Yamaha YZ250 ne mai shan 2T (man da ake haɗawa da fetur), kafireto Keihin PWK 38. Babban jet 178, ƙaramin jet 50 (jet ɗan ƙarfe ne mai rami da mai ke bi a cikin kafireto, lambar kuma girman ramin ce), kilif ɗin da ke riƙe allurar kafireto yana layi na 2 daga sama, haɗin mai 32:1, wato fetur kashi 32, man 2T kashi ɗaya. A Jos ake hawansa, yawanci kan duwatsu da giya ɗaya da biyu. In an ɗan murɗa totur sai ya riƙa tari, ɓar-ɓar-ɓar, kafin ya ɗauka. Baƙin mai yana ɗiga daga bakin salansa, fulogi kuma ba ya daɗewa sai ya yi baƙi ya jiƙe. Amma da an ba shi wuta sosai, lafiya lau yake gudu. Wani ya ce in rage babban jet, wani ya ce in rage man 2T. Wanne zan bi?

Oga_Bakanike:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bi ko ɗaya tukuna. Babban jet ba ya karɓar ragamar aiki sai totur ya kai kashi uku cikin huɗu zuwa ƙarshe, kai kuma ka ce a can lafiya yake. Daga silo (injin yana aiki ba a murɗa totur ba) zuwa kusan kwata, ƙaramin jet ne da sukurun iska suke ba da mai. Daga kwata zuwa uku cikin huɗu, aikin allura ne. Ciwonka yana ƙasa.

Amma kafin ka kwance jet, tabbatar injin kansa ba shi da laifi, don jet ba ya gyara abin da ya lalace. Wanke soson filta, ka shafa masa mai ka matse sosai. Filtar da ƙura ta toshe ko mai ya yi mata yawa tana hana iska, sai fetur ya rinjaya. Duba fulot, abin da ke yawo a kwanon man kafireto, da allurarsa: in bakin robar ya ci, mai zai cika kwano fiye da kima. Ciro rid, bawul mai ganye da ke tsakanin kafireto da inji, ka ɗaga shi a haske, in ganyen ya tsage ko ba ya kwanciya daidai, canza. Sannan auna man giya. In yana raguwa ba tare da ɗiga a ƙasa ba, hayaƙin kuma yana da kauri da wari daban, to sil ɗin kiranshaf na ɓangaren kuloci ne ya mutu, injin yana zuƙar man giya yana ƙonawa. Wannan ko jet goma ka canza ba zai daina cin fulogi ba.

In duk waɗannan ƙalau suke, sa sabon fulogi, ka hau minti goma injin ya yi zafi. Ɗaure sukurun iska a hankali har ya tsaya, kada ka matse shi, bakinsa yana lalacewa. Kwance shi zagaye ɗaya da rabi. Ɗan ɗaga silo, sai ka riƙa kwancewa kwata-kwatan zagaye, kana jiran daƙiƙa goma tsakani, har ka sami inda ƙarar injin ta fi tashi. In sai da ka wuce zagaye biyu da rabi, 50 ya yi girma, sauka zuwa 48, ka sake gwajin daga farko. In bai kai zagaye ɗaya ba, jet ɗin ya yi ƙanƙanta. Da alamun da ka lissafa, ina sa ran 48 ko 45 za ka tsaya.

Injiniya_2T:

Maganar Oga haka take. Ni kan man 2T zan ja kunne, don nan mutane da yawa suke kashe inji. Jet yana auna abin da ya bi ta raminsa ne, fetur da mai haɗe. A 32:1 kana zuba kusan mililita 31 a lita ɗaya. A 50:1 mililita 20 ne. In ka rage man 2T, fetur ɗin da ke bi ta ramin ya ƙaru ke nan, wato matsalar da kake kuka da ita ta ƙaru, ga fistin da boris kuma ka rage musu abin da ke sanyaya gogarsu. Baƙin da ke ɗiga a salansa alama ce ta wuta ba ta ƙone haɗin da kyau. Tsaya a 32:1, ka riƙa aunawa da kofi mai lamba, kada ka canza haɗi bayan ka gama saiti.

Wurin da ake hawa ma yana da hannu. Jos ta haura mita 1,200 sama da teku, iskarta ba ta da nauyin ta ƙasa, don haka jet ɗin da ya dace a ƙasa zai ba da mai da yawa a can. Zafi ma haka yake yi. Sanyi kuwa akasi ne: saitin da ka yi a watan Afrilu zai iya yin ƙarancin mai da asubahin hunturu. Ajiye tsofaffin jet ɗinka, za ka neme su.

Mai_YZ:

Na gode, Allah ya ƙara basira. To allurar fa? In ɗaga kilif zuwa layi na 1?

Oga_Bakanike:

Bari sai ka gama da ƙaramin jet. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi aiki ba. Manna tef a hannun totur ka yi alamar kwata, rabi da uku cikin huɗu, ka hau da giya uku kana riƙe kowace alama. In tarin yana nan a kwata zuwa rabi, ɗaga kilif sama, allura za ta sauka, mai ya ragu. Sai dai layi na 1 shi ne ƙarshe. In can ne kawai yake gyaruwa, allura mai ɗan kauri kake buƙata, ka dawo da kilif tsakiya.

Ka koyi bambance ƙarar guda biyu. Yawan mai tari yake yi yana ci gaba da tafiya. Ƙarancin mai kuwa sai ka ji "booo", kamar an ɗauke masa numfashi, silo ya rataye ya ƙi sauka, wani lokaci ka ji ƙas-ƙas cikin silinda. Na farko fulogi yake ci, na biyu fistin yake narkarwa. Da ka ji na biyun, tsaya ka koma lambar baya.

Babban jet kuma bar shi a 178 yanzu. In za ka gwada 175 daga baya, kwance murfin ƙasan kwano da sifana 17, jet ɗin da soket 6. Sa sabon fulogi, ba shi wuta duka a hanya mai ɗan hawa, kama kuloci ka kashe injin nan take, ka ciro fulogin. Ruwan ƙasa kamar shayi da madara ake nema a farin tangaran ɗin. In ya fito fari fat, mayar da 178 tun a wurin.