Taƙaitawa: ma'aikatan ikkilisiya su riƙa rubuta labarin hidimarsu

Ga abin da na tsinta daga maganganunku:

1. Kusan kowa ya yarda cewa wahalar masu bishara a ƙauyukan Kaltungo da Billiri ba a jin ta sai ranar babban taro. Su riƙa rubutawa, ko layi biyar ne a mako.
2. Hausa mai sauƙi, kada ya zama wa'azi na biyu.
3. Sirrin wanda ya zo neman shawara amana ce. Hoton marar lafiya kuwa, sai da izininsa.
4. Nan aka rabu: dattawa na son fasto ya duba kafin a fitar, matasa suka ce hakan zai kashe musu gwiwa. Ni dai ban ga laifin dubawar ba.