Madubin saiti na bindigar .22: inda bakin maharba ya zo ɗaya

Da maharban zomo da kurege a Amurka suka tattauna madubin saiti (madubin hangen nesa da ake ɗorawa a kan bindiga) da ya dace da bindigar .22 LR mai ƙaramin harsashi, irin su Ruger 10/22, kusan kowa ya ce kada a biye wa girman zuƙowa. Mai 4x32 (zuƙowa sau 4, faɗin gilashin gaba milimita 32) ko 2-7x (zuƙowa daga sau 2 zuwa 7) ya wadatar a daji. Mai 3-9x40 kuma na wanda ke harbin takarda ne lokaci-lokaci.

Inda aka fi daɗewa shi ne nisan da aka daidaita gilashin a kansa. Madubin manyan bindigogi galibi yadi 100 ne, na .22 kuwa yadi 50. Ka ɗora na babbar bindiga, ka auna kurege a yadi 25, idonka ya ɗan gota, sai giciyen saiti da ke cikin madubin ya zame daga kan kuregen alhali bindigar ba ta motsa ba. Shi ya sa wasu suka fi son mai zoben gyara nisa a gaba. A ganina sun yi gaskiya.

An kuma ja kunne kan maƙalan da ke riƙe madubin: faɗin layin da ake ɗaura su a kai a wasu bindigogin milimita 11 ne, na wasu inci 3/8. A auna kafin a saya.